Kujerar doro da teburin dare a ƙaramin jirgin ruwan shaƙatawa: tambayoyi da amsoshi

Abu biyu ne kan haɗa fasinjoji kallon-kallo a ƙaramin jirgin ruwan yawon shaƙatawa: kujera a doron jirgi da rana, da tebur a ɗakin cin abinci da dare. Jirgin da ke ɗaukar mutum dubu huɗu ko biyar yana da wurare barkatai, idan nan ya cika sai ka matsa gaba. Ƙarami kuwa doronsa ɗaya ne, kicin ɗinsa ɗaya, kuma fuskokin da ka gani da safe su za ka yi ta gani har ranar sauka. Kowane kamfani da nasa ƙa'idoji, don haka abin da ke rubuce a takardun tikitinka ya sha gaban duk abin da za ka karanta a nan.

Wane jirgi ake kira ƙarami?

Babu dokar da ta yanke adadi. Manyan jiragen kogunan Turai, masu bin Rayin da Danub, tsawonsu mita 135 ne, faɗinsu kuma bai cika mita 12 ba, fasinjojinsu ba su kai 200 ba. Ƙofofin ruwa ne suka takura su, wato ɗakunan da ake shigar da jirgi a cika da ruwa ko a rage don a ɗaga shi ko a sauke shi, waɗanda faɗinsu a mashigar da aka haƙa daga kogin Mayin zuwa Danub mita 12 ne kacal. A Antatika wani dalilin ne daban. Jirgin da ya ɗauki fiye da fasinja 500 ba a ba shi damar sauke kowa a ƙasa, kuma mutum 100 kaɗai ke iya kasancewa a tudu a wuri guda lokaci guda. Shi ya sa jiragen da ke sauke fasinjoji a can ƙanana ne, kuma shi ya sa lokacin cin abincinsu yake bin lokacin fita da dawowa.

Tikitina ya ba ni kujerar da take tawa a doro?

A'a. A zamanin jiragen da ke ƙetare tekun Atlantika da fasinjoji, mutum kan biya hayar kujera ta dukan tafiya, ma'aikacin doro ya maƙala mata katin sunansa. Wannan ya wuce. Yau kujerun doro na kowa ne, wanda ya riga zuwa shi zai zauna. Wasu jiragen na da ɗan keɓaɓɓen wuri na masu manyan ɗakuna, ko rumfar da ake haya, amma a ƙananan jirage ba kasafai ake samun hakan ba, don babu filin da za a yanka wa wani.

To in ajiye tawul da littafi tun da asuba, in dawo bayan karin kumallo?

Za ka iya, amma ka san abin da kake yi. Kamfanoni da yawa sun rubuta cewa kujerar da aka bari ba kowa na wani ɗan lokaci, galibi tsakanin rabin awa da minti arba'in, ma'aikata za su kwashe kayan da ke kanta su ajiye maka a wani wuri. Ko ana bin wannan doka sau da ƙafa, wannan ya danganta da ma'aikatan da ke aiki a ranar.

Ni a ganina dokar ma ba ita ce abin tsoro ba. A jirgi mai mutum 150, kafin kwana biyu kowa ya san mai jan tawul ɗin nan da ke kwana a kan kujerar inuwa. Da dare kuma tebur ɗaya za a haɗa ka da matar da ta tsaya minti ashirin da sandarta tana neman wurin zama. Tashi zuwa bayi, ko shiga ruwan wanka, ko ɗauko shayi, babu mai ganin laifinka. Tafiya cin abincin rana ka bar kaya su tsare maka wuri, wannan rowa ce. Idan kai ne ka tarar da kujera da tawul babu mai ita, kada ka taɓa kayan mutane da hannunka. Kira ma'aikacin doro, aikinsa ne, kuma ba za a yi faɗa da shi ba.

Wane gefe ya fi, dama ko hagu?

Babu amsa ɗaya, sai an duba inda jirgi ya dosa. Idan arewa ya nufa, gefen dama ne zai sha hantsi, na hagu ya sha ranar la'asar. Idan ya juyo kudu, lissafin ya kife. A kogi kuwa abin kallo ne ke yanke hukunci. Tsakanin Bingen da Koblenz a Jamus, tafiyar kusan kilomita 65, fādojin dā suna jere a gaɓa biyu na Rayin, har ba ka san inda za ka juya wuya ba. Sanannen dutsen nan na Lorelei yana gaɓar gabas, saboda haka jirgin da ke gangarawa Koblenz zai bar shi a damansa. A irin wannan rana kada ka wahalar da kanka da zaɓen gefe: faɗin doron taku kaɗan ne, tashi ka tsallaka. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka ga lokacin da za a shiga wurin a takardar shirin rana da ake kawowa ɗaki da dare, ka hau minti ashirin kafin lokacin. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Me ya sa aka rufe doron sama alhali gari garau?

A kogi, gada ce. Gadojin kogin Mayin da na mashigar da ta haɗa shi da Danub, wadda aka kammala a 1992, wasunsu gajeru ne ƙwarai. Kafin a ratsa ƙarƙashinsu ana kwantar da shingayen gefe, a naɗe rumfuna, a kwashe kujeru, ɗakin tuƙin kyaftin kansa sai an sauke shi ƙasa da na'ura. Mutumin da ke tsaye a doro a lokacin yana wasa da kansa ne. Idan ruwan kogi ya ƙaru, ratar da ke tsakanin jirgi da gada ta ƙara tsukewa, rufewar sai ta daɗe, wani lokaci kwanaki a jere. Duk wanda ya sayi tafiyar Amsterdam zuwa Budapest ya sa wannan a ransa tun daga gida, ya kuma tambaya ko jirgin na da buɗaɗɗen wurin zama a goshi, a hawa na ƙasa, wanda ba a rufewa.

A teku kuwa iska ce ko igiyar ruwa. Kyaftin na kallon abin da ke tafe, kai kana kallon abin da ke gabanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Igiyar da aka ɗaura a bakin matakala, ba a ɗaga ta.

Ina yawan jin jiri da tashin zuciya a ruwa. Ina zan zauna?

Tsakiyar jirgi, a hawa mafi ƙasa da ke da buɗaɗɗen wuri. Goshi da baya su suka fi ɗagawa da faɗuwa, kuma duk yadda ka yi sama haka lilon ke ƙaruwa. Zauna kana fuskantar gaba, ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ka ajiye waya da littafi. Nisanci bayan bututun hayaƙi, warin mai na ƙara tayar da zuciya. Fukafukan da ake fitarwa a ƙarƙashin ruwa don daidaita jirgi suna rage lilon gefe da gefe, amma ba su da wani tasiri a kan sunkuyon goshi. A kogi da wuya ka ji komai. Maganin jiri kuma kafin a tashi ake shan sa, bayan an yi shawara da likita, musamman ga mai ciki ko mai shan wasu magunguna.

Ana zafi a tashar, me zan yi da rigar sanyi?

Jirgi na ƙirƙirar iskarsa. Idan yana gudun mil ɗin teku 15 a awa, wato kusan kilomita 28, kuma iska na zuwa ta gaba da irin wannan ƙarfi, abin da zai bugi fuskarka ya ninka. Hula mara igiya ta tafi ke nan. Wannan iskar ce kuma ke yaudarar fata: ba ka jin zafi, rana na dukanka daga sama, ruwa na maido maka da ita daga ƙasa, sai da dare ka ga aikin da ta yi.

Zan iya shan sigari a kujerata?

Sai a wurin da aka keɓe, kuma kada ka kuskura ka jefa guntun a ruwa. Iska kan dawo da shi cikin jirgi. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi a barandar wani ɗaki a jirgin Star Princess kusa da Jamaika, ta lalata ɗakuna da dama, mutum ɗaya ya rasu, masu bincike kuma suka ce mafi kusa guntun sigari ne ya tayar da ita.

Da mahaifiyata zan yi tafiya, gwiwoyinta sun gaji. Za ta iya hawa doron sama?

Ki tambayi kamfanin wannan a rubuce kafin ki biya ko kwabo. A jiragen kogi da yawa lif ɗin ba ya kaiwa doron sama, saboda gadojin da aka ambata. Daga hawa na ƙarshe sai matakala, wasu da kujerar da ke jan mutum a jikin bango. Akwai kuma wani abin da talla ba ta faɗa. A tashoshi masu cunkoso, a Danub ko a Nilu tsakanin Luksor da Aswan, jirage kan jeru gefe da gefe, sai kin ratsa ta cikin ɗaya ko biyu, wani lokaci ta doronsu, kafin ki taka ƙasa. A jiragen teku kuma ƙofofin fita doro na da dokin ƙofa mai tsayi don tare ruwa, keken marasa lafiya ba ya haye shi sai da taimako. Ki gaya wa shugaban ɗakin cin abinci tun ranar farko a ba Mama tebur kusa da ƙofa. Wannan roƙo ne da ba a cika ƙi ba.

Dole ne in kama tebur don abincin dare?

Ya danganta da tsarin jirgin, kuma tsari uku ne ake yawan gani. Akwai jirgin da ɗakin abincinsa ke ɗaukar kowa a zama ɗaya: a buɗe ƙofa wajen ƙarfe bakwai, ka zauna inda ka ga dama. Yawancin jiragen kogi haka suke. Akwai wanda ke buɗewa na awa biyu ko uku, ka zo lokacin da ya yi maka, a nema maka wuri. Sai tsohon tsari na zama biyu, na farko wajen shida, na biyu bayan takwas, da tebur ɗaya da abokan zama ɗaya har ƙarshen tafiya.

A tsari na farko da na biyu ba ka buƙatar kama komai a babban ɗaki. Inda ake kokawa shi ne ƙaramin ɗakin abinci na musamman, ko teburan da ake shimfiɗawa a fili a bayan jirgi. Wurin zaman can bai taka kara ya karya ba, sau da yawa mutum ashirin ko talatin, kukun da ke kula da shi kuma ɗaya ne ko biyu. Shi ya sa wasu jiragen ke ba kowane ɗaki dare ɗaya tak a tafiyar mako guda, sai kowa ya samu sannan a ba mai son ƙari.

Yaushe ya kamata in kama?

Idan kamfanin ya buɗe rajista a manhajarsa ko shafinsa kafin tafiya, yi tun daga gida. Idan sai a cikin jirgi, to ranar shiga, da zarar ka ajiye jaka. Sai dai ka lura da atisayen ceto. Tun daga 2015, bayan hatsarin jirgin Costa Concordia na 2012, dokar kare rayuka a teku ta wajabta a tara sababbin fasinjoji a nuna musu rigar ceto da wurin taruwa kafin jirgi ya tashi ko nan take bayan tashinsa. A jirage da yawa, a lokacin ana dakatar da sauran hidimomi, babu mai sauraronka kan maganar tebur.

Wajen zaɓen dare, buɗe jadawalin tafiya tukuna. Kada ka kama daren da za ku dawo daga doguwar fita a mota, za ka iso a gajiye ko a makare. Kada ka kama tebur na cikin ɗaki a daren da jirgi zai ratsa Budapest da fitilunta. Daren da kowa ke gudu, wato na farko, shi ya fi sauƙin samu, kuma kicin na nan da sabon cefane.

Mu biyu ne, ba ma son a haɗa mu da kowa.

Ku roƙa, amma kada ku ɗauka haƙƙinku ne. Teburin mutum biyu na cin fili fiye da rabonsa, don haka kaɗan ne. Yawanci na mutum huɗu ne, shida ko takwas. A wasu jiragen ma teburan "mutum biyu" tazarar tafin hannu ce tsakaninsu, hirar maƙwabta duk a kunnenku. Dabarar da ke aiki ita ce zuwa da buɗe ƙofa, ko kuma a ƙarshe bayan rububi ya lafa. Tsakanin bakwai da takwas kowa ke son ci.

Zan ƙara da abin da ba a tambaye ni ba. Ku gwada babban tebur ko da dare ɗaya ne. A can ake jin wace fita ce ta cancanci kuɗinta, wace ce ɓata ƙafa.

An haɗa ni da mutanen da jininmu bai haɗu ba. Sai haƙuri?

Ba dole. Bayan an tashi, je wurin shugaban ɗakin a keɓe ka ce kana son canji. Ba sai ka kawo dalili ba, ya ji irin wannan ba adadi. Abin da ba a yi shi ne ka nemi canji a gaban mutanen. Ka tuna gobe a doro ɗaya za ku sha iska.

Mu goma ne 'yan gida ɗaya. Za a haɗa mana tebura?

Sau da yawa ba zai yiwu ba, don a jiragen teku teburan a kafe suke da ƙasa. Abin da za a iya shi ne a ba ku biyu maƙwabtan juna, idan kun sanar tun kafin tafiya. Ku naɗa mutum ɗaya ya riƙa magana da yawunku.

Idan na makara fa?

A tsarin zama biyu, kicin na fitar da kowane kashi na abinci ga ɗaki gaba ɗaya, makararka na riƙe duk teburin. Bayan kamar kwata ɗin awa ana iya cewa ka nemi wani wuri. A ɗaki na musamman kuma sai a ba na jerin jira. Idan fitar da jirgin ya shirya ce ta makara, za a jira ku, a ɗage lokacin abinci. Idan yawon kanka ka tafi, babu mai jira, har jirgin ma.

Ka kula da agogo. Jirgi na da lokacinsa, wanda ba lallai ya yi daidai da na garin da aka tsaya ba, wayarka kuma na iya canza kanta ba da saninka ba. Lokacin jirgi shi ne lokaci.

Na kama tebur a fili, ruwan sama ya sauko. Na yi asara?

Za a maido ku ciki, a babban ɗaki, a nema muku wani dare idan akwai. Idan kun biya kuɗi na daban, tambayi teburin karɓar baƙi a daren, kada ka bari sai ranar sauka lokacin da layi ya yi tsawo. Idan kai ne ka fasa, sanar da su tun da rana. Wasu kamfanonin na cajin wanda bai zo ba bai kuma faɗa ba, ko ba su caja ba ma wani ka hana.

Akwai abincin da ba na ci. Yaushe zan faɗa?

Ranar da ka sayi tikiti. Tun ran gini tun ran zane. Ƙaramin jirgi ma'ajiyarsa ƙarama ce, ana yin odar kaya makonni kafin tafiya, wanda ya nufi Antatika kuwa ba shi da inda zai ƙara cefane sai ya dawo. Naman halal ko na kosha, wato wanda addinin Yahudawa ya halatta, ba a samun sa da roƙon ranar shiga. Idan kamfanin ya ce ba zai iya ba, kifi da ganye su ne mafita, sai ka tambaya ko an sa giya ko kitsen alade a miya da kayan zaƙi, don a nan suka fi ɓuya. Mai ciwon sukari da wanda alkama ke cutarwa su ma su faɗa da wuri.

Wanda jikinsa ke bori idan ya ci gyaɗa, ko jatan lande, ko makamancinsu, nasa ya fi tsanani. Ya rubuta wa kamfani, ya maimaita wa shugaban ɗaki da babban kuku ranar farko, ya riƙe maganinsa a jikinsa. A jirage da yawa za a kawo masa takardar abincin gobe tun daren yau ya zaɓa, a dafa nasa daban. Irin wannan mutum gara ya riƙe tebur ɗaya da ma'aikaci ɗaya ko da tsarin jirgin na zauna-inda-ka-so ne. Kicin ɗin matsattse ne, babu kukun kirki da zai rantse maka cewa cokali bai taɓa cokali ba.

Ana cin abinci idan teku ta yi fushi?

Ana ci. A mashigar Drake, tsakanin Kudancin Amurka da Antatika, wadda ake kwashe kusan kwana biyu ana ƙetarawa, za ka ga kujeru ɗaure da ƙasa, wani lokaci a jiƙa ƙyallen tebur don faranti ya daina zamewa, a cika kofi rabi. Idan abin ya yi ƙamari sai a fasa miya da duk abin da ke zuba, a raba burodi da abin sawa a ciki, ko a ce kowa ya zauna a ɗakinsa a kai masa. Hannu ɗaya naka, ɗaya na ƙarfen riƙo, haka ma'aikatan jirgi ke tafiya.

Wace irin sutura ake sawa?

Ƙananan jirage ba su cika tsananta ado ba. Tsaf-tsaf dai: ban da kayan wanka, ban da gajeren wando a babban ɗaki da dare. Kayan gargajiya na kowace ƙasa karɓaɓɓu ne. Takalmi mai tsini a doro mai danshi neman karaya ne.

An turo mini katin gayyata zuwa teburin kyaftin. Dole in je?

Ba dole, amma ka ba da amsa da wuri don a gayyaci wani. Kada ka yi mamaki idan ya tashi ana tsakiyar ci, ko ka tarar da mataimakinsa a madadinsa. A kogi mai ƙofofin ruwa da gadoji, ɗakin tuƙi ya fi buƙatarsa.

Cikina ya ɓaci. In daure in sauko?

Kada ka sauko. Kira teburin karɓar baƙi, a sanar da likita ko jami'in da ke kula da lafiya, a kai maka abinci ɗaki. Ƙwayar norobairos mai sa amai da gudawa na yaɗuwa cikin sauri inda mutane ke taɓa cokalin zuba abinci ɗaya da ƙarfen matakala ɗaya. Man goge hannu da ke bakin ƙofa bai cika kashe ta ba, sabulu da ruwa sun fi.

Zan iya ɗaukar farantina in hau doro?

Da safe da rana, a mafi yawan jirage, e. Da dare kuwa tambaya tukuna, don ma'aikata kan kwashe kujeru su ɗaure kafin duhu idan ana jiran iska. Kofin gilashi ba ya zuwa kusa da wurin wanka. Takardar goge baki da leda ka danne su da wani abu, don dokar teku ta hana zubar da roba a ruwa ko da kaɗan ce. Kada kuma ka jefa wa tsuntsayen teku ɓallin burodi: ɗaya za ka ba, talatin za su zo, kuma a kan kujerun maƙwabtanka za su sauke abin da suka ci.